Baƙin Ƙwallo Mai Rami Biyu

Na san har yau ba ku manta tsawar da na daka wa yayarku ba, ranar da ta share gareji ta baza tarkacen gida a bakin hanya don masu wucewa su saya, ta ɗora baƙin ƙwallon nan a kan tsohuwar kujera ta liƙa masa 'yar takarda. Na ji abin da kuka ce a kicin da Turancinku, kuna tsammanin kunnen ya mutu: wai Baba ya fara rikicewa, yana faɗa a kan roba. Ban rikice ba. Laifina ne da ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarinsa ba, don a shekarar da abin ya faru duk kun watse lakwal, kowa na makarantarsa, ba ku san wainar da ake toyawa a gidan ba. To ga shi a rubuce. Wanda Hausar ta yi wa nauyi ya kai wa uwarku ta warware masa.

Bitrus ne ya koya mini wasan bolin. Kun san shi, Baba Bitrus na Jos mai dariyar nan da ake ji daga wajen ajiye mota. Tare muka yi aiki a wani katafaren sito a Wendover, shi yana tuƙa motar ɗaga kaya, ni ina kan injin da ke tura kwalaye. Ran da ya fara ja na zuwa gidan wasan na yi dariya har da hawaye, na ce masa a Maraɗi in aka ga mai gemu yana jifar kwalabe sai a kira masa malami. Dogon layi ne na katako mai santsi, a ƙarshensa an jera 'yan sanduna goma masu siffar kwalba, mu dai kwalabe muke ce musu. Ka zura yatsu uku cikin ramukan ƙwallo mai nauyi, ka gangara shi, in ka zubar da goman a jifa ɗaya ka yi abin da suke kira sitiraik. Shi ke nan wasan. Amma kafin wata uku ni nake buga wa Bitrus waya ina cewa ya yi sauri. Muka haɗa ƙungiya ta mutum huɗu, ni da shi da wasu abokan aikinmu biyu 'yan ƙasa, muka shekara shida muna shiga gasa, kuma ba yabon kai ba, hannuna ya faɗa.

Sai inji ya kama safar hannuna wata safiya. Kafin a kashe shi ya tafi da yatsan da ake sa wa zobe a hannun dama, tun daga tushe. Likita ya ce na yi sa'a, na ce alhamdu lillahi, kuma da gaske nake. Ciwon ya warke cikin 'yan watanni. Abin da bai warke ba ya same ni ne a gidan Alhaji Mamman, dattijon nan na Damagaram da ya sauke ni a ɗakinsa lokacin da na zo ƙasar nan ban san kowa ba. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci muna taruwa a falonsa a can Gate City, a ajiye tire ɗaya na shinkafa, kowa ya wanke hannu ya sa. Ranar farko da aka kwance mini bandeji na je da murnata. Na dunƙula loma, ta zube ta gurbin yatsan, shinkafa da miya suka wanke mini gaban riga. Wani baƙo da ke zaune daura da ni ya dubi hannun, ya yi sauri ya kau da kai. Bawan Allah, watakila ma tausayi ne. Amma wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga ranar hannun ya koma aljihu. In an miƙo mini hannu a masallaci sai in ba da wuyan hannu kamar mai jiƙaƙƙen tafi, daga baya ma na koma dafa ƙirji daga nesa. Na daina zuwa tiren Juma'a. A gida na ce a riƙa ba ni cokali, in shige ɗaki in ci ni kaɗai. Uwarku ta yi haƙuri wata biyu, sannan ta buɗe wuta.

"Malam, yatsa ka rasa ko mutane? Ni fa na gaji da wanke kwano biyu."

"Ki bar ni, ba ki san yadda nake ji ba."

"Na sani mana. Ai ni na wanke ciwon yana ɗanye, ban gudu ba. Yanzu da ya warke ne za ka ɓoye mini shi?"

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne Alhaji Mamman. Ranar sunan jikansa ya taso da kansa daga kujera, tsoho da sandarsa, ya miƙo mini hannu a gaban jama'a, ni kuma na dafa ƙirji na sunkuyar da kai. Hannunsa ya tsaya a iska.

"Yusufu," ya ce, "nawa hannun ne ya yi maka datti?"

Bai sake miƙo mini ba, kuma bai sake aiko a kira ni cin abinci ba. Na san na yi wa uba rashin kunya, na kuma kasa gyarawa.

Bolin kuwa na rufe babinsa. Dokar gasa ta ce duk ramin da ke jikin ƙwallo sai an sa masa yatsa lokacin jifa, nawa kuma rami uku ne, yatsun biyu. Bitrus ya ce wannan ba komai ba ne, mu je wurin mai huda ƙwallo ya toshe ɗaya ko ya huda mini sabo. Amma mai hudawa sai ka shimfiɗa masa tafinka a kan tebur ya gwada shi yatsa-yatsa, mutane na shiga suna fita. Na ce ba zan je ba. Bitrus ya kira ni ɗan sarkin taurin kai, na kira shi sarkin surutun Filato, muka bar maganar.

Na bar aikin sito na koma tuƙa motar da ke kai tsofaffi asibiti. A nan na haɗu da Mis Odessa, baƙar fata 'yar asalin garin nan, ta haura tamanin, ido kamar na shaho. Sau biyu a mako nake ɗaukar ta. Ta lura cewa da hagu nake karɓar jakarta, abin da ni kaina nake jin kunyarsa, don a gidanmu da mari ake hana yaro karɓa da hagu. Wata rana ta tambaye ni kai tsaye, irin tambayar tsofaffi da ba a kauce mata, ni kuma ban san abin da ya buɗe mini baki ba, na zayyana mata komai har da bolin. A makon da ya biyo ta ce in shigo gidanta, ɗanta zai mayar da ita gidansa a Summerfield, akwai jakar da ta fi ƙarfinta. Tsohuwar jakar fata ce, duk ta tsattsage. Na buɗe, warin tsohuwar taya ya bugi hancina. Ƙwallo ne baƙi ƙirin, ba ƙyalli, ba zane, ba kamar na yanzu masu launi kamar alewa ba. Na juya shi, sai na ga ramuka biyu kacal.

"Na mahaifina ne," ta ce. "A zamaninsu haka ake huda su, babban yatsa da na tsakiya. Sa hannunka."

Na ce mata ai hannu ya bambanta, kowane ƙwallo da mai shi ake gwada shi. Ta ce ita ba ta tambaye ni wa'azi ba. Na juya mata baya na zaro hannun. Babban yatsa ya shige. Na tsakiya ya shige. Tafina ya kwanta a jikin robar ba gibi ba matsi, gefen ramin ma ya suɗe daidai inda ƙashin yatsana yake dannawa. Mutumin da ya rasu ban taɓa jin sunansa ba, aka gwada hannunsa tun ba a haifi ubana ba, a wata ƙasa da kakannina ba su san da ita ba, sai ga shi an gwada nawa ne, nawa na bayan inji. Na tsaya ina ta salati a zuci, ƙwallon na rataye a yatsu biyu kamar a nan aka halicce shi.

Ta ce mahaifinta gwani ne da ake zuwa kallo daga wasu garuruwa, amma a lokacinsa ba a rubuta sunan baƙar fata a babbar gasa, da aka buɗe ƙofar kuma gwiwarsa ta riga ta tafi. Ƙwallon bai taɓa shiga gasa ta hukuma ba ko sau ɗaya.

"Na ba ka," ta ce, "amma ba don ka ajiye a ƙarƙashin gado ba. Ina so in ji ƙararsa a gasa kafin in mutu."

Na kawo shi gida ina cewa a raina zan samo dabarar zillewa. Uwarku ta gan shi ya bushe ya yi furu-furu, ta tausaya masa, ta ɗauko man kaɗe ta mulke shi tas kamar ƙafar jariri. Da Bitrus ya zo ya gani sai da ya zauna a ƙasa don dariya, ya ce Hajiya za ta sa a kore mu daga jihar baki ɗaya, shafa wa ƙwallo mai haramun ne a dokar wasa. Ya kwashe shi ya je ya wanke, ya dawo da shi da sabon suna, Kaka, ya kuma dawo da labari: akwai gasar ƙungiyoyi ranar Asabar ta makon sama, wanda ya maye gurbina a ƙungiyarmu bayansa ya riƙe, ya riga ya rubuta sunana. Na yi faɗa, na yi rantsuwa. Ya ce in je in faɗa wa tsohuwar da bakina. Sau uku muka je gwaji da sassafe lokacin da ba kowa, kuma gaskiya Kaka bai ba ni ƙwarin gwiwa ba. Ƙwallayen zamani suna tafiya su lanƙwasa su afka wa kwalabe ta gefe. Shi miƙewa yake yi ɗoɗar, ba ruwansa.

Ranar Asabar gidan wasan ya cika maƙil. Ɗan Mis Odessa ya turo ta a keken guragu ya ajiye ta a bayan layinmu. Uwarku ta zo, wadda ba ta taɓa taka wurin ba. Da na waiga kuma sai ga Alhaji Mamman a gefenta da farar hularsa, ya dogara da sanda, fuskar nan a murtuke. Daga baya na ji uwarku ce ta je har gida ta ɗauko shi, ta ce masa in bai zo ba ita ma ta daina gaishe shi.

Kafin a fara sai da alƙalin gasa ya tsayar da mu. Ya ɗauki Kaka ya auna nauyinsa, ya danna masa wani ɗan ƙarfe ya duba taurinsa, ya kira wani tsoho abokin aikinsa, suka yi ta juya shi suna girgiza kai. 'Yan wasa suka fara taruwa, wasu na ɗaukar hoto. A ƙarshe ya ce ƙwallon ya halatta, saura abu ɗaya.

"Nuna mini yadda kake riƙe shi. Sai na ga kowane rami da yatsa a ciki."

Mutum ya fi ashirin a kewaye da teburin. Hannuna na cikin aljihu. Na dubi ƙofa, wallahi na dube ta, na auna taku nawa ne. Sai na hango Mis Odessa ta miƙo wuya daga kekenta tana jira. Na ce bismillahi, na zaro shi, na shimfiɗa a kan robar, gurbin yatsan a fili, tabon na sheƙi a ƙarƙashin fitila. Na jira in ga wanda zai kau da kai. Tsohon nan abokin alƙali ya sunkuyo ya duba sosai, ya yi fito, ya ce shekararsa hamsin yana huda ƙwallo bai taɓa yin aikin da ya zauna haka ba. Alƙali ya sa hannu a takarda ya ce mu je layi na tara.

Wasa uku ake yi. Na farko na sha kashi. Da safe ana shafe layin da mai, ƙwallayen zamani an yi su ne don su kama katako duk da man, Kaka kuwa sulɓewa yake yi kamar sabulu. Sau biyu ya faɗa kwatar gefen layi. Wani matashi a ƙungiyar da muke karawa da ita ya tambayi Bitrus ko daga gidan tarihi muka sato shi. Bitrus ya ce a'a, daga kabari, ya yi hankali. Wasa na biyu na ɗan farfaɗo, na gane cewa Kaka ba ya son a murɗa shi, so yake a nuna masa hanya a sake shi. Duk da haka muna can ƙasa. Aka tafi hutu, na yi azahar a wani lungu kusa da ma'ajiyar takalma, ban roƙi nasara ba, na dai roƙi kada in kunyata tsohuwar mutane.

Abin da ya faru a wasa na uku har gobe in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Tun safe ɗaruruwan jifa sun lashe man layin, katako ya bushe. Ƙwallayen zamani suka haukace, suna lanƙwasawa tun a tsakiyar hanya su wuce gefe, gwanaye na ta canza ƙwallo suna tsaki. Ni kuwa na saki Kaka, ya tafi a hankali da wani gurnani mai kauri da babu irinsa a duk gidan, ya ɗan karkata a ƙarshe kamar faɗin tafin hannu, ya shiga tsakanin kwalba ta ɗaya da ta uku. Goman suka kwanta. Ba su yi tsalle sun watse kamar yadda aka saba ba, durƙushewa suka yi wuri ɗaya. Ashe irin busasshen katakon da aka yi shi dominsa ke nan, ya yini yana jira layin ya dawo zamaninsa. Na sake jifa, goma. Na sake, goma. Layukan da ke kusa suka daina wasa. A na huɗu babu mai magana, gurnanin kaɗai ake ji daga hannuna har ƙarshen layi, da kwalaben suka zube kuma gidan ya ɗauki ihu.

A bolin in ka yi sitiraik kana dawowa ne ka tafa da kowa, naka da abokan hamayya. Sai a na biyar na lura cewa tun ɗazu hannun dama nake ɗagawa sama, a buɗe, mutane na ta dukansa, har da matashin mai gidan tarihi. Ban san lokacin da ya fito ba. Sau shida a jere Kaka ya share layin, a na bakwai kwalba ɗaya ta gefe ta yi rawa ta ƙi faɗuwa. Ba mu ci kofi ba, kada wani ya ƙara muku gishiri, ramin da na haƙa mana da safe ya yi zurfi, na huɗu muka zo. Amma ban taɓa jefa wasa irin wannan ba da yatsu biyar.

Na je wurin Mis Odessa. Idonta a rufe yake, ɗanta ya ce tun jifar farko ta wasa na uku ta rufe shi. Ta buɗe ta ce ƙarar ke nan, ita ce, tana ƙarama daga waje take tsayawa ta gane jifar mahaifinta a cikin ta mutum goma. Sannan ta ce in ba ta hannuna. Tsohuwa ce da a shekaru ta isa ta haifi uwata, ban yi musu ba, sai dai sabo ya sa na miƙa hagu. Ta buge shi.

"Ɗayan."

Na ba ta. Tsohuwar roba ta bar mini baƙi a tafi da gefen yatsu. Ta juya hannun, ta shafa baƙin da babban yatsanta, ta bi ta kan tabon ba ta ko tsaya ba, sai ta kai shi hancinta ta shaƙa. Hawaye suka zubo mata.

"Haka hannunsa yake wari in ya dawo gida," ta ce. "Shekara sittin rabona da shi."

Na durƙusa a gaban keken. Hannun da na shekara ina ɓoyewa kamar kayan sata, shi wata baiwar Allah ta riƙe da hannu biyu ta ƙi saki. Ni ma na yi kuka, a gaban Bitrus, kuma bai taɓa yi mini tsiya a kai ba, abin da ya fi sitiraik shida ban mamaki.

Da na miƙe sai na ga Alhaji Mamman a tsaye a bayana. Bai miƙo hannu ba, kuma yana da gaskiya, an taɓa barin nasa a iska. Ni na miƙa, da baƙin robar da komai, na ce Baba a yafe mini. Ya bar ni a haka ɗan lokaci, don in ɗanɗana. Sannan ya jingine sandarsa a jikin uwarku ya kama, ya juya shi sama da ƙasa yana dubawa.

"Wannan ne abin da ka hana mu fiye da shekara?"

"Shi ne, Baba."

"To ai da saura huɗu. Ranar Juma'a ka zo da su, kuma kada ka kuskura ka zo mini da cokali."

Na je. Loma ta farko ta zube, ta biyu ma. Alhaji ya turo mini tsokar nama gabana ya ci gaba da hirarsa, ba wanda ya kau da kai. A ta uku na gano yadda ake tare gurbin da ɗan ƙaramin yatsa, haka nake ci har yau, kun sha gani ba ku san koyo na yi ba.

Mis Odessa ta rasu da bazarar da ta biyo baya. Ni da uwarku da Bitrus muka je jana'izarta, na yi wa ɗanta ta'aziyya da hannun dama. Yanzu gwiwata ta fara irin ta mahaifinta, Kaka ya koma jakarsa, shi ya sa kuka same shi a gareji kuka ɗauka shara ne. Ba na sayarwa ba ne, kuma ban yarda a huda masa rami na uku ba. In na tafi ku ajiye shi inda ido zai gan shi. Duk wanda ya shigo gidan nan kuka lura yana karɓar ruwa da hagu, hannun damansa na cikin aljihu, kada ku tambaye shi komai. Ku ce akwai wata jaka da ta fi ƙarfinku, ya taimaka ya ɗaga.